Matan da ke cikin zanen yayi na Turawan da: haka suke, ko haka ake so su zama?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, ya aiki ya kasuwa. Akwai abin da ya kwana biyu yana cin raina, na ce bari in kawo shi nan. Yayana ya dawo daga Landan watan jiya, ya yi mini tsarabar wata takarda falle ɗaya da ya saya wajen masu tsofaffin littattafai, ya ce tunda ɗinki ne sana'ata zan ji daɗinta. Fallen wata mujallar Faransa ce mai suna La Mode Illustrée, an rubuta 1864 a ƙasanta. Zane ne aka buga da baƙar tawada, sannan aka bi shi da kala da hannu. Mata biyu ne a falo. Ɗaya na zaune, siket ɗinta ya haɗiye kujerar gaba ɗaya, ɗayar na tsaye riƙe da mafici. Ƙugunsu kuwa kamar ka zagaye shi da tafin hannu biyu. Na sa ta a firam na rataye a saman kekena.

Kullum ina ɗinki sai in ɗaga kai in dube su, kuma hannuwansu ne suka fi tsaya mini a rai. 'Yan ƙanana, farare tas, ba abin da suke yi. Ba tukunya, ba goyo, ko allura babu. To shi ne nake tambaya, haka matan Faransa suke a lokacin, zaune kawai? Ko kuwa zanen ne yake gaya musu yadda ake so su zama? Malama Rabi, ke ce mai koyar da tarihi, a taimaka mana. Wani ɗan abu kuma, a bakin siket ɗin ta zaunen shuɗin ya ɗan tsallake layi, kamar hannun mai shafa kalar ya goce. Wurin nan idona yake yawan komawa.

Ummita:
Wa alaikumus salam Anti. Na ga hoton, masha Allah. Amma don Allah da me suke kumbura siket ɗin haka? Kuma ta yaya take wucewa ta ƙofa?

Malam Ɗanladi Tela:
Ummita 'yata, keji ne a ciki. Zobban ƙarfe sirara ake jerawa, ƙarami a sama babba a ƙasa, a haɗa su da zirin ƙyalle, mace ta ɗaura a ƙugu sannan ta ɗora siket a kai. Kirinolin suke ce masa. Wajen 1856 na ƙarfen ya fito. Kafin nan fatari suke jibgawa, biyar shida, wani har da gashin doki aka saƙa shi don ya tsaya ƙiƙam, daga gashin dokin ma sunan ya samo asali. Da kejin ya zo sauƙi suka ɗauke shi, don ya fi tarin fatarin nan rashin nauyi nesa ba kusa ba. Matsalarsa wuta. Ƙasarsu ta sanyi ce, kowane ɗaki da murhun jin ɗumi, mace ta juya siket ya taɓa wuta ba ta sani ba, ga iska a ƙarƙashin kejin tana hura ta. Mata da yawa sun rasu ta haka.

Game da tambayar Maman Ilham kuwa, ni a ganina haka suke. Kayan nan suna nan a ajiye a gidajen tarihi, kamar na Victoria and Albert da ke Landan, ana ganin ɗinkin da ido. Mai zane bai ƙirƙiro su da ka ba.

Malama Rabi:
Amin wa alaikumus salam. Maman Ilham kin kawo magana mai daɗi. Malam Ɗanladi, gaskiyarka a kan kayan, an sa su, ba ƙarya ba ne. Inda zan rabu da kai shi ne a kan matar da ke cikin kayan. Mai zane zaɓe ya yi. A cikin matan Faris na 1864 akwai masu wanki da suke durƙushe a bakin kogin Seine, akwai 'yan aikin gida, akwai masu sayar da kifi a kasuwa, akwai ma'aikatan masaƙa. Su ne mafi yawa, kuma ba su ake zanawa a falle mai kala ba. In ma 'yar aiki ta fito, to a gefe za ka gan ta tana riƙe wa uwar ɗakinta mayafi ko tana kula da yara.

Irin wannan zane ya kafu sosai ne tun 1778, lokacin da aka fara fitar da jerin Galerie des Modes a Faris, zamanin Sarauniya Marie Antoinette. A shekarar ne har aka yi yayin ɗora samfurin jirgin ruwan yaƙi a kan gashin mace, don murnar wani jirgin Faransa mai suna Belle Poule da ya gwabza da na Ingila. Ku duba fa, kan mace ya zama allon sanarwa. Daga nan mujallu suka yi ta fitowa, a Landan aka sami La Belle Assemblée a 1806, a Amurka aka sami Godey's Lady's Book a 1830. Idan ka jera fallayen tsakiyar ƙarni na 19 za ka ga wuraren da ake ajiye matar ba su da yawa: falo, lambu, gidan rawa, ziyara, coci, bakin teku. Akwai rigar safe, rigar karɓar baƙi, rigar fita yawo, rigar cin abincin dare. Mace mai canza kaya sau huɗu a yini, kuma ba ta iya ɗaure rigarta ta baya sai an taya ta, me take gaya wa duniya? Tana cewa mijina yana da halin da zai ajiye ni ba na aikin komai. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Thorstein Veblen, ya yi wannan bayani a 1899, cewa suturar matar mai kuɗi shaida ce ta dukiyar mijinta, kuma da gangan ake yin ta yadda ba za ta yi aiki da ita ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, a Ingila a wannan lokacin matar aure ba ta mallaki komai ba a gaban doka. Abin da ta samu da guminta na miji ne. Sai a 1870 aka yi dokar da ta bar mata kuɗin da ta samu da aikinta, sai 1882 aka ba ta cikakken iko da dukiyarta. Ga siliki yadi goma sha a jikinta, amma kuɗin da ke jakarta a shari'a ba nata ba ne.

Abu Khalil:
Ni fa ban ga abin da ya haɗa mu da wannan ba. Matan Turawa na shekara ɗari da sittin da suka wuce, me za su ƙare mu da shi? Musulunci ya ba mace haƙƙin mallakar dukiyarta da gadonta da sadakinta tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Su suka san matsalarsu. A kawo mana abin da ya shafi sana'armu.

Malama Rabi:
Malam Abu Khalil, maganar haƙƙin dukiya gaskiya ka faɗa, ba mai ja. Amma batun ba abin da ya haɗa mu, akwai. Ka dubi fallayen shekarun 1870 zuwa 1880 da wani abu, za ka ga huluna cike da gashin jimina. Wani kaso na gashin nan daga ƙasarmu ya fita. Fatake 'yan Gadamus ta ƙasar Libiya suna saye a Kano da Damagaram da Borno, ayarin raƙuma ya haura Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya kai shi Turai. Abin da mai zane a Faris ya ɗora a kan hular mace yana taɓa farashi a kasuwar Kurmi. Har a 1911 sai da Afirka ta Kudu ta turo tawaga wajen Kano neman irin jiminar wannan yanki saboda kyan gashinta. Da yayin ya mutu a 1914 kasuwar ta rushe gaba ɗaya. Kuma sana'armu da kake magana, fostar da ke manne a bangon shagon kowane tela jikanyar wannan fallen ce.

Abu Khalil:
To wannan na gashin jimina ban taɓa ji ba. Na karɓa. Amma ina nan da sauran magana.

Nana Damagaram:
Salamu alaikum, ina gaida manya. Malama, ki yi mini izini in ɗan gyara wani wuri. Dokar da kika kawo ta Ingila ce, takardar Maman Ilham kuwa ta Faransa ce, kuma tasu ta ɗan bambanta. Dokar Napoleon ta 1804 ce ke aiki a kansu, wadda ta rubuta ƙarara cewa mace ta yi wa miji biyayya, shi kuma ya ba ta kariya, kuma ba ta iya sa hannu a ciniki babba ko ta shiga kotu sai da yardarsa.

A nan ne nake ganin sai mun yi hattara da cewa zane madubi ne. Ku dubi fallayen Journal des Dames et des Modes na wajen 1800. Bayan juyin juya halin Faransa an watsar da manyan siket da tulin gashi, mata na cikin farar riga mai laushi, sakakka, ɗaurinta a ƙarƙashin ƙirji, takalmi ba tsini. Duk wanda ya gani zai ce matan nan sun samu sarari. Alhali a daidai lokacin ne doka ta ƙara tsuke su. A 1800 ɗin ma aka kafa doka a Faris cewa macen da ke son sa wando sai ta karɓo takardar izini daga 'yan sanda. Mai zanen dabbobin nan Rosa Bonheur sai da ta riƙa karɓar irin wannan takarda don ta shiga kasuwar dawaki da mayanka ta yi aikinta. Sai a 2013 gwamnati ta fito ta ce dokar ba ta aiki. Riga ta saki, doka ta ɗaure.

Yaya Maman Ilham, don Allah ki duba can ƙasan zanen, kusa da ƙafar kujera ko bakin siket, galibi mai zanen na sa hannu da ƙananan baƙaƙe. Mi aka rubuta?

Maman Ilham:
Bari in sauko da shi. Sai da na haska da fitilar waya. An rubuta Anaïs, na biyun kamar Toudouze. Namiji ne?

Nana Damagaram:
Allahu akbar, mace ce! Anaïs Toudouze, an haife ta 1822, ta rasu 1899. Su uku ne 'yan uwan juna da suka yi suna a wannan aiki, ita da yayarta Héloïse Leloir da ƙanwarsu Laure Noël, 'ya'yan wani mai zane Alexandre Colin. Shekaru da dama suna zana wa mujallun Faris, har ɗiyar Anaïs mai suna Isabelle ta gaji sana'ar. Editar mujallar ma mace ce, Emmeline Raymond, tun kafa ta a 1860. Kin ga ke nan, hannun da ya zana waɗannan hannuwa marasa aikin yi, hannun mace ne mai neman abinci da alƙalaminta, wadda ake jira ta kawo aiki a kan lokaci kowane mako.

Maman Ilham:
Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wata guda ina kallon takardar nan ban san 'yar uwata ce mai sana'a ta yi ta ba.

Malam Ɗanladi Tela:
Na ji duk bayananku, kuma na ƙaru. Amma ku bar ni in yi magana a matsayina na wanda ya shekara talatin da biyar a kan keke. Kuna magana kamar matan da ke sayen mujallar nan yara ne da aka ruɗa da hoto. Ba haka ba ne. Mujallar nan ba kallo kaɗai ake yi da ita ba, kayan aiki ce. A cikinta akwai takardar yanka, wadda za ka shimfiɗa a kan yadi ka bi da alli ka sa almakashi. La Mode Illustrée tana sawa, mujallar Ingila ma ta Samuel Beeton da matarsa Isabella tun 1860 take haɗa fallen Faris da takardar yanka. Singer ya fito da kekensa a 1851, Butterick ya fara sayar da takardun yanka masu lamba-lamba a 1863. To wa ke buƙatar takardar yanka? Matar attajiri dai ba ta buƙata, tana da telanta. Matar akawu ce, da matar malamin makaranta, da telar ƙauye da ba ta taɓa taka Faris ba. Ita za ta dubi fallen ta ce to wannan hannun ya yi mini, wannan jelar ba zan iya ba, in rage yadi, in sa auduga maimakon siliki. Daidai yadda kwastomomina suke yi. Mace ta zo ta nuna mini hoto a waya ta ce Malam wannan nake so, amma a rufe mini wuya, a ƙara tsawon hannu, kada ya kama ni. Ba ta haɗiye hoton ba, ta ɗauki abin da ya yi mata ta bar sauran. Na tabbata matan can ma haka suka yi.

Malama Rabi:
Wannan kam ka kama ni, Malam. Na yarda na yi saurin mayar da mai karatun kamar ba ta da nata wayon. Sai dai ina riƙe da guda ɗaya. Ko ta rage yadi, ko ta canza hannu, mizanin da take auna kanta da shi yana nan, wato matar da ba ta aiki. Tana kwana tana ɗinka rigar da in ta sa za a ɗauka ba ta taɓa riƙe allura ba.

Kuma irin abin da Nana ta nuna a Faransa, a Amurka ma ya faru. Godey's Lady's Book ta garin Filadelfiya, kafin yaƙin basasarsu ta kai masu biyan kuɗi dubu 150, dala 3 a shekara. Editarta Sarah Josepha Hale ta riƙe kujerar shekara 40, daga 1837 zuwa 1877. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da rubutu ta raine su. Ta yi ta fafutukar a ilmantar da 'ya'ya mata, a bar su su zama malamai da likitoci, amma ba ta goyi bayan mata su jefa ƙuri'a ba, tana ganin gida ne fagen mace. Mutum ɗaya ke nan, ga ta shugabar mujalla mafi girma a ƙasar, ga abin da take koyarwa. Su kuma fallayen, mata wajen 150 mujallar ta ɗauka aikinsu kawai shafa kala da burushi, falle bayan falle. Shi ya sa wani lokaci riga ɗaya takan fito da kala daban a kofi daban.

Maman Ilham:
Ke nan shuɗin nan da ya tsallake layi a nawa...

Malama Rabi:
Hannun ma'aikaci ne, kuma aikin shafa kala yawanci mata ke yin sa. Ɗaruruwa za ta shafa iri ɗaya kafin ta tashi.

Ummita:
Allah sarki. To masu ɗinka kayan fa, su ya rayuwarsu take?

Malama Rabi:
Ummita, labarinsu ba daɗi. Shekara ɗaya kafin a buga fallen Antinki, a watan Yunin 1863, wata yarinya mai suna Mary Anne Walkley, 'yar shekara 20, ta rasu a wani babban shagon ɗinkin matan fada da ke titin Regent a Landan. Ana gaggawar kammala rigunan wata liyafa ta karrama amaryar Yarima mai jiran gado. Ta yi awa 26 da rabi tana ɗinki ba hutu, su talatin a ɗaki ɗaya ba iska, wurin kwanansu ma a cushe. Ta kwanta ciwo, kafin kwana biyu ta cika. Maganar ta tayar da ƙura a jaridu, har mujallar Punch ta buga wani zane: wata ƙasaitacciyar mace ta sa sabuwar riga tana duba madubi, sai ta ga gawar mai ɗinkin a cikinsa. Karl Marx ma ya kawo labarinta a littafinsa na jari-hujja.

Ummita:
Innalillahi. Wallahi na tuna shagon da na fara koyo, ba zan faɗi suna ba. Sallar bara waccan kwana uku muka yi ba mu runtsa ba, mu shida a ɗaki, janareto na bakin ƙofa hayaƙinsa na shigo mana. Daren jajibere ina haɗa hannun wata doguwar riga barci ya ɗauke ni, allurar keke ta shige ta farcena ta fito ta ƙasa. Aka zare, aka ɗaure mini da ƙyallen atamfa, aka ce in koma kan guga tunda ba zan iya taka keke ba. Mai rigar ta zo da asuba ta karɓa, ta ɗora hotonta a Instagram kowa na yabawa. Har yau farcen bai koma daidai ba.

Maman Ilham:
Ummita ki yi haƙuri ƙanwata. Maganarki ta soke ni, don ni ma ina da yara huɗu a shago kuma na san abin da nake sa su a goman ƙarshe na azumi. Ba zan yi ƙarya ba, Sallar da ta wuce ƙarfe huɗu na asuba muka tashi kwana biyu a jere. Ina gaya wa kaina ai ni ma haka aka koya mini.

Malam Ɗanladi Tela:
Allah ya ƙara sauƙi 'yata. Amma a faɗi ɗaya gefen. Mutum ya riƙe yadinsa har saura kwana biyar Sallah ya kawo, in ka ƙi karɓa ya yi fushi ya bar ka har abada, ga kuɗin haya ga kuɗin mai. Ni dai tun shekara shida da suka wuce nake rufe karɓar ɗinki ranar goma ga azumi. Na rasa kwastomomi, amma yarana suna sallar asham suna kwana a gida.

Hajiya Gambo:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke karanta mini tun ɗazu, na ce sai na sa baki. Ni abin da ya tsaya mini shi ne su matan can, ko ba komai an zana wasunsu. Kakata Allah ya ji ƙanta, a Katsina, ba ta fita ko ƙofar gida, amma ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. Ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare. Mu ake ba wa mu kai wa masaƙa, daga masaƙa zuwa marina. Da kuɗin kaɗi ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki, tasoshi da kwanuka, ta sayi awaki. Duk rigar da babban mutum ya sa ya hau doki ranar hawan Sallah, zarenta daga hannun irin su ya fito. Wanda ya leƙo daga waje zai ce matan kulle zaune suke. Don haka da Maman Ilham ta ce ko matan Faransa zaune suke kawai, na ce a raina a'a 'yata, ba a taɓa yin garin da mata ke zaune ba.

Sai kuma maganar matse ƙugu. Bikin jikar ƙawata da aka yi kwanan nan, amarya ta sa wannan da kuke ce wa koset. Yarinyar nan tun la'asar har sha ɗayan dare ba ta ci ba, ba ta iya zama sai a ɗofane a bakin kujera, numfashi sama-sama. Da aka kwance mata sai ga shatar ƙarfen a haƙarƙarinta. Ku teloli ku ke ɗinka shi, ku gaya mini, daga ina ya zo mana in ba daga irin takardar nan ba?

Abu Khalil:
Yauwa Mama, Allah ya ƙara girma. Ga sauran maganar da na ce ina da ita. Malama da Nana suna ba da labarin kamar ana tafiya ne daga ƙunci zuwa sarari, wato da keji da koset, daga baya aka cire aka gajarta siket, shi ke nan mace ta 'yantu. Ni ban yarda rage tufafi shi ne 'yanci ba. Kamfani ne dai ke juya su, jiya ya ce a faɗaɗa, yau ya ce a rage, gobe ya dawo da koset ɗin ya sayar wa 'ya'yanmu.

Nana Damagaram:
Malam Abu Khalil, ka sake karanta abin da na rubuta, ai kusan maganarmu ɗaya. Ban ce gajeren siket 'yanci ba ne. Mai tsara tufafin nan Paul Poiret da ake yabo da cewa ya raba matan Faris da koset, shi ne wajen 1910 ya kawo siket mai tsuke ƙafa wanda mace ba ta iya taku mai faɗi da shi, kuma da bakinsa ya yi alfahari da hakan. A shekarun 1920 mujallu irin Gazette du Bon Ton da Vogue suna zana 'yar Faris da gajeren gashi, siririya, tana wasan tanis ko tana kusa da mota. Wannan matar ba ta da ƙuri'a. Matan Faransa sai 1944 suka samu, bayan na Amurka da suka samu a 1920 da na Ingila da suka samu cikakke a 1928. Matar aure a Faransa sai 1965 ta iya buɗe asusun banki ko kama aiki ba tare da izinin miji ba.

Amma inda ban bi ka ba shi ne cewa kamfani kaɗai ke juyawa. Akwai lokacin da matan da kansu suka ture. A Amurka, Amelia Bloomer a 1851 ta yi ta tallata gajeriyar riga da wando mai faɗi a ƙarƙashi, a jaridarta The Lily, aka yi ta yi musu dariya a titi har suka haƙura. Kuma ka lura, shigar nan ta rufe jiki ruf, har idon sawu, wandon irin na matan Turkiyya ne. Nauyi da matsi suke gudu. A 1881 aka kafa ƙungiyar gyaran sutura a Landan, buƙatarsu ita ce kayan ciki na mace kada su wuce nauyin laba bakwai, kilo uku da ɗoriya ke nan. Ka auna abin da suke ɗauka kafin nan. Da keken hawa ya yaɗu a shekarun 1890 mata suka hau, dole masu mujallu suka fara zana kayan hawan keke. A nan matan ne a gaba, zanen na bin su a baya.

Abu Khalil:
Na ji. A kan Bloomer ɗin ba ni da ja tunda suturta jiki ta yi. A kan sauran ina nan a kan bakana.

Malama Rabi:
Kuma akwai misalin da ke goyon bayanka, Malam, don a yi adalci. Lokacin yaƙin duniya na biyu matan Ingila na masana'antu da gonaki, tufafi ma da kati ake saye tun 1941, siket gajere mara cin yadi. Bayan yaƙin, a Fabrairun 1947, mai tsara tufafi na Faris Christian Dior ya fito da ƙugu a matse da siket mai cin yadi har ashirin, René Gruau na zana masa tallace-tallace. Daidai lokacin da ake son mata su bar wa sojojin da suka dawo guraben aiki su koma gida. Wasu matan sun yi zanga-zanga a Amurka a kan dogon siket ɗin, amma da yawa sun so shi da gaske, sun gaji da shekarun ƙunci. Ni har yau ban iya raba inda son ransu ya tsaya da inda talla ta fara ba.

Mama Hajiya, amsar tambayarki: e, daga can ya zo, ta hanyar rigunan amaren Turawa da hotunan waya.

Malam Ɗanladi Tela:
Ni dai in amarya ta ce koset, ina sa ta zauna ta sunkuya a gabana da awon kafin in yanka, kuma matata ce ke auna ta. In ba za ta iya ruku'u a ciki ba, ba na ɗinkawa.

Maman Ilham:
Na mayar da takardar bango. Na kira yarana huɗu na nuna musu sunan Anaïs da wurin da shuɗin ya goce, na ba su labarin Mary Anne. Malam Ɗanladi, zan gwada tsarinka na goma ga azumi bana, in Allah ya kai mu, ko da yake gabana na faɗuwa a kan kuɗin haya.

Ummita:
Mama Hajiya, ni ina ɗan taɓa zane, da shi nake fitar da samfurin riga kafin in yanka. In kin yarda ina so in zana kakarki tana kaɗi. Ban taɓa ganin ana yi ba. Yaya take zama, kuma wane hannu ke riƙe me?

Hajiya Gambo:
Allah ya yi miki albarka 'yar nan. A kan tabarma take zama a inuwar ɗaki bayan azahar, ƙafafu a miƙe, taskirar audugarta a gefe. Hannun hagu ke riƙe audugar, tana ɗaga shi sama har ya wuce kafaɗa yayin da zaren ke fita. Da na dama take murza mazari, gindinsa mai gululu yana juyawa a kan ɗan guntun fata a ƙasa. Akwai farin alli kusa da ita da take dangwala yatsu don kada su yi santsi, shi ya sa kullum babban yatsanta da manuni farare ne. Zaninta baƙin saƙi ne ɗaurin ƙirji, kallabi a kai, ba ta sa awarwaro a hannun dama in tana aiki. Kada ki yi mata ƙananan hannu, manya ne, jijiyoyi duk sun fito. In kin gama ki turo wa jikata in gani ko kin kamo ta.